Muryar ɗanka ce, amma ba shi ba ne: dattawanmu da ƙirƙirarriyar basira



 Ina neman afuwar manya tun da farko, don yau yaro ne zai tsaya gabanku ya yi magana a kanku. An ce in faɗi wani abu game da ƙirƙirarriyar basira, wadda masu Faransanci ke kira IA, maƙwabtanmu na Najeriya kuma AI, da yadda ta shigo rayuwar dattawanmu.

A taƙaice, shiri ne na kwamfuta da aka ɗura wa rubuce-rubuce da muryoyi da hotuna masu ɗimbin yawa, har ya iya kwaikwayon yadda ɗan Adam ke amsa tambaya, yake fassara, yake magana. Duniya ta farga da abin ne a watan Nuwamban 2022, lokacin da ChatGPT ya fito. A 2024 kamfanin Meta ya fara saka tasa cikin WhatsApp a wasu ƙasashe, har da Najeriya da Ghana. Mu matasa mun ɗauka kayanmu ne, na ɗalibai da ƴan ofis. To ni abin da nake gani a gidajenmu nan Maraɗi ya saɓa wa haka. Iyayenmu sun riga sun shiga, wasu da saninsu, wasu ba su ma san sun shiga ba.

Kuma bai kamata mu yi mamaki ba. Waɗannan mutanen su ne suka karɓi rediyo. Su ne, lokacin da ƴan ci-rani ba su da hanyar kiran gida, suke ɗaukar magana a kaset su ba direba ya kai Abijan ko Legas. Da salula ta shigo ƙasar ga a farkon shekarun 2000, ƴan kasuwar hatsi suna cikin waɗanda suka fara cin moriyarta. Wata mai bincike, Jenny Aker, ta bi kasuwanninmu daga 2001 zuwa 2006, ta nuna cewa zuwan salula ya rage tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa, don ɗan kasuwa na iya jin kuɗin buhu a Damagaram ba tare da ya hau mota ba. A 2009 da 2010 kuma an gwada karatun manya a ƙauyukan jihohin Dosso da Damagaram, wasu azuzuwan aka haɗa masu da koyon salula, kuma su ne suka fi riƙe karatun. Ke nan babba ba ya gudun sabon abu in ya ga amfaninsa. Abin da ke tare shi rubutun boko ne da Faransanci.

Wannan shingen ne yanzu ke faɗuwa. Google ya saka Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun 2013, amma sai ka iya rubutu. A ƙarshen 2024 suka sanar cewa an ƙara Hausa cikin harsunan da za ka iya yi wa waya magana da baki ta rubuta. A ƙasar da manyan da ke karatun boko ba su kai rabi ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dattijon da ya saba da tura bokal a WhatsApp bai buƙatar wani sabon ilimi: ya danna, ya yi magana.

Bari in ba ku misalai daga cikin dangi da maƙwabta, ba sai na kama suna ba. Ina da kawu mai sayar da kayan gyaran babur. Shekara da shekaru in zai yi magana da mai kawo masa kaya daga Sin sai ya nemi tafinta, kuma tafinta na da nasa kaso, sannan ya san sirrin cinikin duka. Yau yaron shagonsa ya nuna masa yadda ake fassara saƙo a waya, shi da kansa yake tambayar farashi. Akwai wani tsohon mushe a unguwarmu, ya yi ritaya, idonsa ya raunana. Yana faɗa wa waya abin da yake so, ta tsara masa takardar neman haƙƙinsa da Faransanci, shi kuma ya gyara mata kurakurai, don ya fi ta sanin yadda ake rubuta wa hukuma. Akwai innata da ke fama da hawan jini. In an ba ta ordonas ko sakamakon awon jini, jikarta ke ɗaukar hoton takardar, wayar ta karanta, a yi mata bayani da Hausa. Da can sai ta jira wani ɗan lakwal ya dawo gida, kuma duk wanda ya karanta mata ya san ciwonta. Abin da mutanen nan uku suka samu ɗaya ne: sun rage roƙon a karanta masu. Duk wanda ya taɓa ganin mahaifinsa tsaye da takarda a hannu yana jiran yaro ya gama wasa ya duba masa, ya san darajar wannan.

Amma fa akwai abin da ya wajaba iyayenmu su sani game da wanga sabon tafinta. Ba ya cewa "ban sani ba" cikin sauƙi. An gina shi ne ya hasashi kalmar da ta dace ta biyo wata, saboda haka in bai da amsa yana iya ƙirƙiro ta, kuma ya faɗe ta da natsuwa kamar malamin da ya yi shekara arba'in yana karantarwa. Yana iya kawo maka hadisin da babu shi, har da sunan littafi. Yana iya karanta rubutun hannun likita ya juya adadin ƙwayar magani. Sannan Hausar da ya koya kaɗan ce in an gwada da Turanci ko Faransanci, kuma mafi yawanta daga rubutun Najeriya ta fito. Mu nan in tsohuwa ta ce "na tafi likita", asibiti take nufi. In ta ce dala ashirin, sefa 100 ke nan, in ta ce jika biyar, sefa 5.000. Na'urar da ba ta san lissafinmu ba tana iya ɗaukar dalar nan a matsayin kuɗin Amurka. A ciniki, irin wannan kuskuren asara ce.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da zan faɗa yanzu, kuma shi ne ya sa na karɓi wannan magana. Ƙofar da alherin ya bi ya shigo, wato murya, ita ce ɓarawo zai bi.

Iyayenmu, ku da kanku kun koya mana cewa gani ya kori ji. Duk rayuwarku, hanyar da kuke tabbatar da gaskiya ita ce ku ji muryar mutum ko ku ga fuskarsa. Takarda ana iya ƙirƙirarta, amma muryar ɗanka ka san ta ko cikin barci. To yau akwai manhajojin da in an ba su ɗan guntun maganar mutum, za su iya faɗin duk abin da aka rubuta masu da irin muryarsa. Kuma muryoyinmu suna ko'ina, a bokal na gurup-gurup, a TikTok, a Facebook. Tun watan Maris na 2023 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta gargaɗi mutanenta cewa ƴan damfara na kwaikwayon muryar jika su kira kaka su ce an kama su, a turo kuɗi da gaggawa. A farkon 2024, a Hong Kong, wani ma'aikacin kamfani ya tura kusan dalar Amurka miliyan 25 bayan wani taro ta bidiyo, inda shugabansa da abokan aikin da ya gani duk na bogi ne. Wannan mai ilimi ne, cikin ofis, da kwamfuta gabansa.

Yanzu ku dubi halinmu. Gida nawa ne cikin Maraɗi, Tawa ko Damagaram da ba su da ɗa a Libiya, Aljeriya, Kano ko Abijan? Mun riga mun san kiran tsakar dare daga Libiya, a ce an tsare yaro sai an biya. Mun san saƙon "na yi kuskure na tura kuɗi a lambarka, maido min". Kuma tura kuɗi yanzu minti biyu ne, ta waya ko a ajans ɗin bakin titi. Ranar da mai wannan sana'a ya haɗa ta da muryar ɗanki, Inna, yana kuka yana cewa ki sayar da tunkiya, me zai hana ki? Ba na so mu jira sai ya faru a gidan ɗayanmu kafin mu yi maganar.

Haka abin yake ga bidiyo. A watan Mayun 2025 an yaɗa wani bidiyo mai tsawon fiye da rabin awa, wai sabon Paparoma Leo na 14 yana jawabin yabo ga Kyaftin Ibrahim Traoré na Burkina Faso. Bakinsa na motsi daidai da maganar. Sai da kafar labaran Vatican ta fito ta ce bai taɓa yin wannan jawabi ba. Na zaɓi wannan misalin da gangan, don labari ne da ya yi wa da yawa daga cikinmu daɗi, kuma ƙaryar da ta yi maka daɗi ita ce ba ka bincike. Gobe ana iya sa wa babban malaminmu magana a baki, ko sarki, ko a ƙirƙiro muryar wani yana zagin wata ƙabila. In Alhaji ya tura abu a gurup ɗin masallaci, ana yarda ne saboda girman Alhaji. Kuma ku tuna dokar 2019 kan laifukan intanet, wadda aka gyara a watan Yunin 2024 aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da yaɗa abin da zai iya tada hankalin jama'a. Mai turawa ma yana iya shiga matsala, ko da furfura a kansa.

To me za mu yi? Na san wasu ƴan uwana matasa za su ce a karɓe wayar, ko a goge wa Baba WhatsApp a huta. Ban yarda da wannan ba. Mutumin da ya ciyar da kai, ya riƙe gida cikin yunwar 1984 da ta 2005, ba za ka mayar da shi yaro ba don ka fi shi iya danna gilashi. In ka karɓe wayar ka maido shi layin masu roƙon a karanta masu. Abin da ya rasa bayani ne, kuma bayanin bai da yawa.

Ga abin da nake roƙon kowane gida ya zauna ya yi a wannan makon. Na farko, duk kiran da ya zo da kuka da gaggawa da neman kuɗi, a kashe, a kira mutumin a lambar da aka sani, ko a kira wanda suke tare. Wanda ya ce "kada ka faɗa wa kowa", shi ne za a fara kai ƙararsa ga kowa. Na biyu, ku ajiye wata tambaya ta cikin gida da ba a taɓa faɗi a waya ba, kamar sunan da kaka ke kiran yaron da shi yana ƙarami. Na'ura na iya satar murya, amma ba ta zauna tsakar gidanku ba. Na uku, lambar sirri ta asusun kuɗi ba a faɗa wa kowa, kuma ba a ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa a tura wa wanda ba a sani ba. Na huɗu, a maganar magani waya ta karanta, amma likita ko mai farmasi ke yanke hukunci. A maganar addini kuma a kai wa malam. Na biyar, kafin a tura bidiyo gaba, a tambaya: wa ya fara sako shi, kuma rediyo ta faɗa?

Mu matasa, in za mu koyar, mu koyar da ladabi. Ka zauna ƙasa, ka bar wayar a hannunsa, shi ya danna. In ya manta gobe, ka sake. Kada ka ce "ai na nuna maka jiya". Sau nawa ya nuna maka alwala kafin ka iya?

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin gida, kuma nan ne aikin ƙungiyoyin farar hula yake. Muna kira ga gidajen rediyon karkara su ware lokaci su yi wannan bayani da harsunanmu, don har gobe rediyo ce dattijo ya fi yarda da ita. Muna roƙon limamai su taɓo shi bayan salla. Muna kira ga kamfanonin waya da na tura kuɗi su riƙa aika gargaɗi da murya, da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci, don saƙon rubutu da Faransanci bai isa ga wanda aka fi nufi da damfarar ba. Muna da hukumar kare bayanan sirrin jama'a, HAPDP, muna son ta fito ta gaya wa talaka, da harshen da yake ji, mene ne haƙƙinsa a kan muryarsa da hotonsa. Sannan tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. In da gaske muke, jami'o'inmu, Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta nan Maraɗi, André Salifou ta Damagaram, Djibo Hamani ta Tawa da Abdou Moumouni ta Yamai, su sa ɗalibai aikin tattara Hausarmu da sauran harsunanmu daga bakin dattawa, da yardarsu, don na'urorin gobe su san mene ne jika, su san sunayen irin hatsinmu da cututtukanmu yadda muke kiransu.

Iyayenmu, kusan rabin mutanen ƙasar ga ba su kai shekara 15 ba. Ku kaɗan ne a cikinmu, kuma abin da ke kanku babu shi a cikin kowace waya. Kun san mutum daga yadda yake gaisuwa, kun san ciniki mai wari tun kafin a buɗe buhu. Wannan hankalin shi ne maganin damfarar nan, mu dai namu mu gaya maku cewa yanzu murya da fuska ma ana yin jabunsu. Ku tambaye mu ba tare da jin nauyi ba, matambayi ba ya ɓata.

Duk wanda ke son a zo unguwarsu ko gurup ɗin matansu a yi wannan bayani da waya a hannu, ya ba da sunan unguwar kafin a tashi, za mu tsara. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, ya tsare mu daga sharrin masu cuta.