Tsohon Da Ya Ke Ganin Abin Da Babu

Yau maganarmu a kan tsofaffi ce, waɗanda gigin tsufa ya kama su har su ke ganin abin da babu, ko kuwa su riƙa zargin mutanen gida da laifin da ba su yi ba. Wanda ya ke da tsoho a gida ya matso kusa. Wanda ba shi da shi ma ya saurara, domin in rai ya yi tsawo kowa zai je can.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Wata rana wani magidanci ya zo ɗakin shan magani, ba don ciwo ba, sai don neman shawara. Ya ce uwarsa ta kai shekara tamanin, kuma sau uku tana cewa matarsa ta sace mata kuɗi. Tana faɗi tana kuka, tana rantsuwa. Shi kuwa bai taɓa jin uwarsa ta yi ƙarya ba, sai ya tura matar gidansu, saura kaɗan ya rubuta mata takarda. To, matar ta tafi, amma kuɗi ba su daina ɓata ba. Yanzu kuma tsohuwa jikarta ta ke zargi, yarinya 'yar shekara bakwai. Muka tafi gidan tare, muka bincika ɗakin tsohuwa. Muka sami wasu kuɗi ƙulle a tsumma cikin tsohon tulu, wasu a ƙarƙashin tabarma, wasu an cusa a rufin ɗaki. Ko kwabo bai ɓata ba. Kashegari ya tafi biko.

Tsohuwar nan ba ƙarya ta yi ba, kuma ba ƙiyayya ba ce. Ciwo ne. Ku tsaya in bayyana muku yadda ya ke.

Tsufa kaɗai ba ya kawo gigi. Kun san tsofaffi da yawa da suka haura tamanin, hankalinsu garau. Gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, wanda ya ke lalata ta sannu a hankali, shekara bisa shekara. Da fari mutum ya kan manta abin da ya faru ɗazu, alhali kuwa yana tune da labarin ƙuruciyarsa. Daga baya ya kan kasa lissafi, ya rasa sunan abu, ya ɓata a hanyar da ya saba bi. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu wannan ciwo sun fi mutum miliyan 55 a duniya, kuma fiye da rabinsu a ƙasashen da ba su da wadata su ke. Watau ba ciwon Turawa ba ne kaɗai, yana nan a garuruwanmu.

Ciwon iri-iri ne. Wanda ya fi yawa shi ne wanda a ke kira da sunan wani likitan Jamus, Alois Alzheimer. A shekarar 1901 aka kawo masa wata mace mai shekara 51 a asibitin birnin Frankfurt. Abin da ya fara bayyana gare ta shi ne zargin mijinta da neman wata. Sa'an nan ta riƙa ɓoye kayan ɗaki, wani lokaci ta yi ta ihu wai za a kashe ta. Da ta mutu a 1906 likitan ya duba ƙwaƙwalwarta, ya ga ta lalace ƙwarai. Kun ga ke nan, tun ranar da aka gane ciwon nan, zargi yana cikin alamunsa. Akwai kuma irin da toshewar ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa ya ke kawowa, wanda ya kan bi masu hawan jini, da masu ciwon sukari, da waɗanda suka taɓa yin shanyewar ɓarin jiki.

To, yaya mantuwa ta ke zama zargi? Tsohuwa ta ɓoye kuɗinta don tsoron kada su ɓata. Bayan sa'a guda ta manta inda ta sa, har ta manta cewa ita ce ta taɓa su. Ta duba inda ta saba ajiyewa, babu. A wurinta abu ɗaya ne zai yiwu, wani ya ɗauka. Wa ke shiga ɗakinta kullum? Mai kawo mata abinci, mai share mata ɗaki, mai wanke mata tufafi. Shi ya sa zargi ya kan faɗa wa wanda ya fi kowa yi mata hidima. Ku riƙe wannan da kyau, domin aure da yawa sun mutu a kansa.

Ba zargin sata kaɗai ba ne. Wani tsoho zai ce an sa masa guba a tuwo, ya ƙi ci. Wani zai ce matarsa, wadda ita ma ta tsufa, tana kawo wani namiji. Wata za ta ɗaure kayanta da magariba ta ce gida za ta, alhali a ɗakin da ta shekara hamsin ta ke. Wani zai dubi ɗansa ya ce wannan ba ɗansa ba ne, mai kama da shi ne. Duk yadda ka kawo masa hujja ba zai sauka ba, domin wurin da ya ke auna hujja a ƙwaƙwalwa shi ne ya taɓu.

Abu na biyu shi ne gane-gane da jiye-jiye. Tsoho yana zaune ido biyu, sai ya ce ga yara sun cika ɗaki, ko ga baƙi a bakin gado, ko ga kyanwa tana wucewa. Wani ya ji ana kiran sunansa, ko ya ji muryar wanda ya daɗe da mutuwa. Ba ƙage ya ke yi ba. Yana ganinsu sarai kamar yadda ku ke ganin tafin hannunku. Akwai wani irin gigin tsufa da a ke kira da sunan likita Lewy, wanda a cikinsa gane-gane su kan zo tun da wuri, tun mantuwa ba ta yi nisa ba. Mai shi ya kan yi nauyin jiki, ya riƙa jan ƙafa, ya riƙa faɗuwa, yau hankalinsa garau gobe ya ruɗe, da dare kuma ya riƙa kai duka cikin barci.

Wani lokaci kuwa abin yana nan, kuskurensa tsoho ya yi. Rigar da aka rataye a ƙusa ta zama mutum a tsaye. Igiya ta zama maciji. Ya dubi madubi bai gane kansa ba, ya ce wani baƙo ya shigo. Wannan ya fi yawa ga mai yanar ido ko mai nauyin kunne, kuma ya fi tsanani da almuru, sa'ad da haske ya ragu, jiki kuma ya gaji.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. A wurare da yawa, in tsohuwa ta fara magana da waɗanda ba a gani, ko aka same ta tana yawo da dare, sai a ce mayya ce. In yaro ya yi ciwo a unguwa a taru a kanta, a ce ta saki kurwarsa. Ita kuwa da ta ruɗe, duk abin da aka tambaye ta sai ta ce i, a ce ai ta amsa da bakinta. Jama'a, ku ji tsoron Allah. Wanda ya kasa faɗin abin da ya ci da safe, amsarsa ba shaida ba ce. Yaro ku kawo shi asibiti, tsohuwa ku mai da ita ɗakinta. Duka, da ɗauri, da turaren barkono ba su warkar da ƙwaƙwalwa, sai dai su ƙara tsoro, tsoro kuwa ya ƙara gane-gane.

To, me za ku yi?

Na farko, ku lura ko abin sannu ya zo ko farat ɗaya. Gigin tsufa wata da watanni ya ke yi kafin ya bayyana. In kuwa tsoho ya ruɗe cikin kwana ɗaya ko biyu, ko kuwa mai gigi ya ƙara rikicewa ba zato, yana sambatu, yana yawan gyangyaɗi, to, akwai wani ciwo a jikinsa. Yana yiwuwa zazzaɓin cizon sauro ne, ko ciwon huhu, ko ciwon mafitsara, ko riƙewar fitsari, ko taurin bayan gida, ko rashin ruwa a jiki lokacin bazara, ko wani magani da ya sha. Tsoho yana iya yin ciwo mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba. Ku kawo shi ran nan, kada ku kwana. Irin wannan ruɗewa ta kan ragu in an magance abin da ya kawo ta.

Na biyu, kada ku yi gardama da shi. Kada ku ce masa ƙarya ya ke yi, kada kuma ku yi masa dariya. In Iya ta ce an sace mata kuɗi, ku ce, "Sannu Iya, ranki ya ɓaci. Tashi mu duba tare." In Baba ya ce ga mutane a ɗaki, ku ce, "Baba, ni ban gan su ba, amma ina nan tare da kai, ba abin da zai same ka." Ku riƙe hannunsa, ku fito da shi tsakar gida, ku ja shi da hirar da. Sau da yawa abin ya kan wuce. In abin da ya ke gani ba ya tsorata shi, ku ƙyale shi.

Na uku, ku gyara ɗaki. Ku kunna fitila tun rana ba ta faɗi ba. Ku sauke rigunan da ke rataye, ku rufe madubi in yana damunsa. Ku san wuraren da ya ke ɓoye kaya. Kuɗi masu yawa a ajiye masa wurin amintacce a gaban shaidu, a bar masa kaɗan a hannu. Kada ku riƙa sauya masa ɗaki ko gida, yau wurin wannan ɗa gobe wurin wancan, domin baƙon wuri yana ƙara ruɗa shi. In yana tsoron guba, ku ci tare da shi a kwano ɗaya.

Na huɗu, a duba idonsa da kunnensa. Yanar ido ana cire ta a asibiti, dauɗar kunne kuma ana wanke ta. Mai tabarau a sa masa abinsa.

Na biyar, kada ku sayi maganin barci ko na masu taɓin hankali a kasuwa ku ba shi don ya yi shiru. Magunguna irin su Largactil da haloperidol suna da haɗari ga mai gigin tsufa. Su kan sa faɗuwa, su kan ƙara haɗarin shanyewar jiki da mutuwa, mai irin na Lewy kuwa ƙwaya kaɗan tana iya sandarar da shi. Likita kaɗai ke ba da su, sai in tsoho ya firgita ƙwarai ko zai ji wa wani rauni, shi ma kaɗan, na ɗan lokaci. In abin ya fi ƙarfin ɗakin shan magani za mu ba ku takarda zuwa babban asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Kaduna, da Kware ta Jihar Sakkwato, da Maiduguri. Sa'ad da za ku zo, ku kawo duk magungunan da ya ke sha, har da na gargajiya.

Wani gargaɗi kuma. Ba duk ƙarar da tsoho ya kawo ba ce ta ciwo. Akan cuci tsofaffi da gaske. In ya ce an ɗauki abinsa ko an buge shi, ku bincika a natse kafin ku ce gigi ne, kamar yadda za ku bincika kafin ku ce wance ɓarauniya ce.

Ban ɓoye muku ba, har yanzu ba a sami maganin da zai warkar da gigin tsufa ba. Amma wahalarsa tana raguwa ƙwarai in gida ya gane abin da ke faruwa. Maigida, in an zargi matarka, ka tara 'yan'uwa ka gaya musu ciwo ne, domin kada sunanta ya ɓaci a gari. Ku kuma 'yan'uwa ku riƙa karɓarta aikin jinya, ta sami barci, ta je unguwa. Mutum ɗaya ba ya iya ɗaukar wannan kaya dare da rana.

Mai tambaya ya sami malamin asibiti a ɗakin shan magani mafi kusa da shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.