Wankin Ƙafa Ba Sai Da Famfo Ba

   

An ce in yi magana a kan sana'ar da mace za ta fara da ɗan abin da ke hannunta. Na zaɓi wankin ƙafa, domin a bana 'yan'uwa da dama masu shagon kitso da wankin kai sun nemi rance don su ƙara shi, wasu kuma sun janye, wai ba su da famfo a shago. To, 'yan'uwa, wa ke da famfon da ke zuwa kullum a Wusasa? Daga nan har Ɗan Magaji, har Tudun Wada, da rijiya da burtsatse da 'yan ga-ruwa muke rayuwa. In sai famfo ya zo za mu fara, mun daɗe ba mu fara ba.

Abin da ke ruɗar ƙannenmu shi ne kujerar nan da suke gani a waya, mai kwano a haɗe, ruwa na tsiyaya, ana danna maɓalli tana tausa. Ita wannan kujera tana son bututun shiga da na fita, tana son wutar lantarki. Ranar da aka ɗauke wuta ta zama kujerar zama kawai, ga bashi yana jiran ki ƙarshen wata. Kuɗin nan da za ki ranta, zubin 'yan'uwanki ne, har da gwauraye da masu marayu. Kada a binne shi a cikin kujera.

Ga abin da ake bukata. Ni robobi nake sayarwa a kasuwa, don haka na san kayan. Baho guda uku masu faɗi, waɗanda ƙafa biyu za su zauna a ciki ba matsi: ɗaya yana aiki, ɗaya an wanke yana shan rana, ɗaya yana jira. Jarka biyu masu cin lita 25. Bokiti mai murfi na ruwan datti, launinsa daban, kada ya haɗu da na ruwa mai kyau. Babban fulas. Ƙananan tawul kamar shida. Dutsen goge kaushi, buroshi, abin yanke farce, sabulu, man kaɗe da basilin. Duk akwai su a kasuwar Sabon Gari. Sai ki sa kafinta ya yi miki ɗan dandamali na katako, ki ɗora kujerar baƙuwa a kai, ke kuma ki zauna a 'yar tsugunno. In ƙafarta ta ɗan yi sama, bayanki zai huta. Ki shimfiɗa leda a ƙasa, ki sa labule. Matar aure ba za ta ɗage zane a wurin da masu wucewa ke leƙe ba, kuma labulen nan kaɗai yana kawo ciniki.

Yanzu lissafin ruwa. Mutum ɗaya, lita huɗu na jiƙawa, lita ɗaya na ɗauraya, biyar ke nan. Jarka ɗaya mutum biyar. Ta biyun ta wanke baho da tawul da hannuwanki ce. Ki tafasa ruwa sau ɗaya da safe a kurfoti, ki cika fulas, duk wadda ta zo ki sirka mata, ki taɓa da gwiwar hannu kafin ta sa ƙafa. Da damina ki tari ruwan indararo a durom mai murfi. Da bazara, in rijiyoyi sun ja baya ruwa ya yi tsada, ki sa kuɗin jarka a cikin farashinki. Waɗanda muke ajin yaƙi da jahilci tare mun san amfanin littafi: ruwa, gawayi, sabulu, mai, a rubuta kowanne. Abin da ba ki rubuta ba, shi ke cinye riba.

Ruwan datti fa? Kada a watsa shi a lungu. Sauro zai samu gida, maƙwabta su samu abin faɗa. Ki haƙa ɗan rami a bayan shago, nesa da rijiya, ki cika shi da fasassun bulo da duwatsu, ki riƙa juyewa a nan.

Sai babbar magana, ku ba ni kunnuwanku. Ruwan da aka wanke wa wata ƙafa, ba a sa wa wata, ko da 'yarta ce. Reza ɗaya, mutum ɗaya, a buɗe ta a gabanta, a jefa ta cikin gwangwani mai murfi in an gama. Ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini, kuma ɗigon da ido bai gani ba a bakin ƙarfe ya isa. Kayan ƙarfe a wanke su da sabulu, a tafasa minti 20. Baho kuma, bayan sabulu, a haɗa Jik gwangwani ɗaya da ruwa gwangwani shida, a bar shi minti 10, a ɗauraye, a kife a rana. Dutsen kaushi ba ya wankuwa sosai, gara kowace mai zuwa kullum ta sayi nata, ki rubuta sunanta a leda ki ajiye mata. Rigakafi ya fi magani.

Kuma ki tambaya kafin ki fara: “Hajiya, ko kina da ciwon suga?” “Mama, ƙafar tana jin zafi da sanyi kuwa?” Mai ciwon suga sau da yawa ba ta jin an yanke ta, kuma ƙaramin ciwo a ƙafarta yana iya ƙin warkewa har ya kai ga yanke ƙafa. Irin wannan ba reza, ba ruwa mai zafi. In kin ga gyambo, ko faso mai jini, ko cin ruwa tsakanin yatsu, ki ba ta haƙuri ki ce ta je asibiti. Ga St. Luke's nan kusa da mu, ga asibitin koyarwa a Shika. Kuɗin rana ɗaya kika rasa, amma kin tsira da sunanki, ita kuma ta tsira da ƙafarta.

Kasuwa kuwa akwai ta. Hunturu na shigowa, faso da kaushi sun shigo, lokacin kuma ga Kirsimeti, ga bukukuwan aure. Ga Sallah ƙarama da babba. Amarya ba ta son lalle a kan kaushi, don haka ki haɗa kai da mai lalle da mai dilka, ki tura musu, su turo miki. Da yake kayanki ba a kafe suke ba, kina iya ɗaura su a Keke Napep ki je har gidan biki, ko wajen matan da ba sa fita a cikin Birni. Mai kujerar bututu ba ta iya wannan.

Roƙona ga shugabanni guda biyu ne. A ba da rancen nan kaɗan-kaɗan, daidai kayan da na lissafa, wadda ta biya a ƙara mata. Sannan a gayyato ma'aikaciyar jinya daga cikin 'ya'yanmu ta koya wa masu sana'ar tsaftace kaya kafin a miƙa kuɗi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Allah Ya sa albarka a neman kowa, Ya kai mu baɗi lafiya.