Jawabin Mushen Lakkol kan Sayen Hili da Ginin Gida

Iyayenmu dattawa, da ƴan uwa masu zuwa bida Ikko, Kwatano da Abijan.

Kuɗɗin da kuka sha rana kanshi, kar ku bari shi zama rigima gaban Sarkin Arewa. Ga shawara huɗu.

Ta farko: in gona ce, ku tambaya ko ta gado ce. Wanda ya saya hannun magaji guda, sauran ba su sani ba, shari'a ya saya. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ita ta kawo kwamitocin Kofo. Ku tahi Kofo ta gari, gaban maigari da shaidu, a rubuta: saye ne, aro ne, ko jingina.

Ta biyu: in parsal ce cikin Dogondutsi ko Tibiri, ku kai takardarta meri, a duba lambarta cikin rajista kahin ku biya. Takardar da ta hi ƙarhi ita ce titir fonsiye, ita banki ya hi yarda da ita.

Ta ukku: ku gina da kuɗɗin adashe, ɗaki bayan ɗaki. Bashi mai ruwa ba ya jiran ƴan haya.

Ta huɗu: gidan haya yana da lamponshi. Ku biya, ku aje rasit tare da takardun hili.

Wanda ya aiko kuɗɗi, a sa sunanshi ga takarda, ba na ɗan aike ba. Zumunci ya hi daɗewa haka.

Allah shi ba mu damana mai albarka.