Ka ci 280 a JAMB, amma ba su ba ka likitanci ba

Yau maganar JAMB za mu yi, musamman ga masu neman karatun likita. Duk shekara za ka ji yaro ya ci 270 ko 280, gida an fara kiransa Dokta, sai sunaye su fito a ga an tura shi Bayokemistiri.

Mu fara da ita jarrabawar. Darussa huɗu ne: Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Tambayoyi 180 cikin awa biyu, maki 400. Yi lissafi da kanka, daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya. Abin da take aunawa shi ne sauri, hadda da jin Turanci. Ba za ta gaya maka wa zai iya tsayuwa kan mara lafiya ƙarfe biyun dare bai yi tsaki ba. Kuma tun 2015 a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya, ga yaranmu na ƙauye da wasunsu ranar ce suka fara zama gaban kwamfuta.

Amma fa ni ba na cikin masu cewa a soke ta. Kafin a kafa JAMB a 1978, kowace jami'a ita ke ɗaukar ɗalibanta, wani ya samu gurbi biyu ko uku, wani ko ɗaya babu. In aka cire jarrabawa yau, wallahi “wa ka sani” ne zai maye gurbinta. Ɗan talaka ba shi da kawu a Abuja, makinsa ne kawunsa.

To ina gizo yake saƙa? A yawan gurabe. Hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace makarantar likitanci yawan ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta, ɗakunan gwaje-gwajenta da gadajen asibitin koyarwarta. BUK da Asibitin Malam Aminu Kano take horarwa, ABU da na Shika, kuma gado ba ya ƙaruwa don kai ka ci 300. Saboda haka JAMB rariya ce kawai, in masu nema sun yi yawa sai a ƙara matse idonta.

Bayan ta ga Post-UTME da aka shigo da ita a 2005, ga sakamakon WAEC ko NECO. Sannan jami'o'in tarayya suna da tsarin rabo: kashi 45 cikin ɗari cancanta zalla, 35 na jihohin yankin jami'ar, 20 na jihohin da ke baya a ilimin boko. Shi ya sa mai 260 zai iya shiga, mai 290 daga wata jiha yana waje.

Kuma maki ba wahayi ba ne. A 2025 JAMB da kanta ta amsa cewa an samu matsala a na'urorinta, Farfesa Oloyede ya ba da haƙuri har da hawaye, kusan ɗalibai 380,000 a Legas da Kudu maso Gabas aka ce su sake zama.

Don haka kafin ka cike fom, bincika makin da jami'ar ta tsaya a kai bara, ka duba ko jiharku tana cikin yankinta. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, Post-UTME za mu ɗauko. Sai mun haɗu.