Abin da Muka Koyo a Madafar Bolonya



Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Da aka nemi mu tsaya gabanku mu ba da labarin ziyarar da muka kai ƙasar Italiya, da yawa sun zaci za mu yi magana kan manyan gine-gine da ɗakunan karatu. Mun gan su kuwa, domin birnin Bolonya, inda muka sauka, yana da jami'ar da ake lissafa kafuwarta tun shekarar 1088. Amma darasin da ya fi tsaya mana a rai a madafa muka same shi, ranar da muka biya kuɗi muka shiga ajin koyon girki na yini guda.

Ba za mu ɓoye muku ba, da wasa muka shiga. Wasu daga cikin mazanmu har cewa suka yi ina ruwan ɗan jami'a da tukunya. Malamarmu wata dattijuwa ce wadda sana'arta ke nan, murza taliya da hannu, irin matan da mutanen garin ke kira sfoglina. Ta ba kowannenmu katako mai faɗi da doguwar sandar murji, ta ce ƙa'idar guda ce: ƙwai ɗaya ga kowane giram 100 na garin alkama, ba a ƙara ruwa. Muka tara garin, muka yi masa rami a tsakiya, muka fasa ƙwai a ciki, muka yi ta cuɗawa har hannuwanmu suka yi tsami. Daga nan aka rufe ƙullin ya huta rabin sa'a, domin idan bai huta ba, duk yadda ka miƙe shi sai ya koma.

Wajen murzawa ne aka san na ƙwarai. Mutanen Bolonya suna cewa sai faifan ƙullin ya yi sirantar da za ka ɗaga shi ka hango majami'ar San Luka da ke bisa tudun bayan gari ta cikinsa. Namu kuwa, wani ya yage, wani ya yi kauri kamar gurasa. Bayan an naɗe shi an yanka da wuƙa, sai ya fito zare-zare masu faɗi, waɗanda ake kira tagliatelle. Minti biyu zuwa uku cikin tafasasshen ruwan gishiri sun ishe shi.

Miyar da ake ci da ita, wato ragu, ta so ta kawo mana cikas, domin a asalinta akwai naman alade da giyar inabi. Muka faɗa wa malamar cewa addininmu ya hana mu su. Ba ta ɓata rai ba, ta yi mana tamu tukunyar dabam da naman sa, albasa, karas, seleri, tumatir da 'yar madara, aka bar ta bisa wuta kaɗan fiye da sa'a biyu. Shawararmu ga duk wanda zai shiga irin wannan aji ita ce ya faɗi abin da ba ya ci tun ranar da ya ba da sunansa, kada ya bari sai tukunya ta hau wuta.

To, ga inda maganar take. Muna cikin cin abincin sai malamar ta ce, tun da ta koya mana nata, mu ma mu koya mata namu ko guda ɗaya. Muka ce miyar kuka. Ta ɗauko takarda da alƙalami ta tambaye mu: kukar nawa ake sawa, a ruwa nawa, kuma yaushe? Muka dubi juna. Da muka ambaci daddawa ta tambayi yadda ake yin ta, muka ce da kalwa, ƙwayar ɗorawa. Kwana nawa ake rufe ta kafin ta nuna? Nan ma shiru. Mu da muka tashi da wannan miya tun muna goye, muka kasa cika mata rabin shafi. Wallahi mun ji kunya.

Su kuwa ba haka suka bar nasu ba. A shekarar 1891, shekara 30 bayan haɗewar Italiya ta zama ƙasa ɗaya, wani ɗan kasuwa mai suna Pellegrino Artusi ya buga littafin girki da kuɗin aljihunsa, ɗauke da girke-girke 475. Mata daga sassan ƙasar suka riƙa aiko masa da nasu a wasiƙa, yana gwadawa yana ƙarawa, har suka kai 790. A shekarar 1972 aka ajiye ma'aunin faɗin tagliatelle, milimita 8 bayan ta dahu, a Majalisar 'Yan Kasuwa ta Bolonya, kuma a 1982 aka ajiye rubutaccen tsarin miyar ragu a wuri guda. Mai so ya yi dariya, amma jikan da kakarsa ta rasu ya san inda zai je ya tambaya.

Kada kuma a ɗauka girkin nasu daga sama ya faɗo. Tumatir daga nahiyar Amurka ya zo musu a ƙarni na 16. Tun a shekarar 1154 malamin nan Al-Idrisi ya rubuta cewa a garin Tarabiya na tsibirin Sisili ana yin wani abinci zare-zare na gari mai suna itriya, ana lodinsa a jiragen ruwa zuwa ƙasashe. Mu ma a nan, taliyarmu 'yar murji da muke ci da manja da yaji tana cikin abincin alkama da aka san Larabawan Tarabulus mazauna Kano da su, tare da gurasa da alkaki. Aro ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne a ari na wani a bar na gida ya ɓace.

Saboda haka muna kawo wa wannan ƙungiya shawara guda. Idan hutu ya zo, kowane ɗalibi, namiji da mace, ya zauna kusa da mahaifiyarsa ko kakarsa a bakin murhu, da littafi a hannu. Idan ta ce "ɗan kaɗan", a auna ɗan kaɗan ɗin nan da cokali. Idan ta ce "sai ya nuna", a duba agogo, a kuma rubuta kamar da yake yi da ƙanshinsa. A rubuto dambu, da fate, da ɗanwake, da miyar taushe, da yadda ake daka fura, da sunan garin da aka samo kowanne, domin miyar Sakkwato dabam take da ta Zariya. In mun dawo, ƙungiya ta tattara ta buga da Hausa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma muna da yawa.

Mun karɓi adireshin dattijuwar nan, mun kuma yi mata alkawarin aika mata da miyar kuka a rubuce, da ma'auninta cikakke. Har yau ba mu cika ba. Muna roƙonku ku taimake mu mu fita kunya.