WA YA CANCANCI MAGANI KYAUTA A ASIBITIN GWAMNATI?

Muna yawan jin ana cewa wai magani kyauta ne a asibitin gwamnati. To, kyauta ga wa?

Tun 1987, da ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako, aka kawo tsarin sayar wa majinyaci magani, a juya kuɗin a sayo wani. Shi ya sa ake rubuta maka takarda, a ce je ka biya. A 2014 ne Dokar Lafiya ta Ƙasa ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin lafiya a matakin farko. Dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta ambaci waɗanda za a biya wa: yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu juna biyu, tsofaffi, naƙasassu da faƙirai.

Amma fa ka lura, kasancewa cikin waɗannan bai wadatar ba. Sai hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Katsina ta yi maka rajista, sunanka ya shiga littafin asibitin da aka haɗa ka da shi. Wanda ba ya cikin littafi, ko ya fi kowa talauci, biya zai yi.

Akwai waɗanda ba ruwansu da wannan rajista: maganin tarin fuka, na kuturta, na ƙanjamau, da alluran rigakafin yara. Wanda ya sayar maka da su a asibitin gwamnati ya zalunce ka.

To, ina manomi? Nan ne fa gizo ke saƙar. Manomin Funtua ko Malumfashi ba ma'aikaci ba ne balle a cire masa daga albashi. Kuɗinsa na masara da auduga sai da kaka suke zuwa, zazzaɓin cizon sauro kuwa da damina yake kayar da gida, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ɗan abin hannu ya tafi ga taki. Gaskiya ne ana bi gida-gida wata-wata da damina ana ba yara maganin kariya kyauta, amma daga ɗan wata 3 ne zuwa wanda bai cika shekara 5 ba. Ɗan shekara 6 in ya kwanta a watan Agusta, sai uban ya kai akuya kasuwa, ko ya ci bashi a kan masarar da ba ta nuna ba.