Lissafi Kafin Gini: Manhajojin Kwamfuta, Zafin Gida da Wutar Sola

Mai girma shugaban taro, masu unguwanni, malamai, magina, iyayenmu da 'yan'uwa na Dukawuya, ina godiya da wannan gayyata.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareto ya zama abin sai wane da wane, kowa ya koma zancen sola. An ƙaddamar da tashar sola ta Jami'ar Bayero mai megawat 7.1 a 2019, ga kuma ta Challawa mai megawat 10 da aka buɗe a 2023. Rana dai Allah ya hore mana ita, domin kowace murabba'in mita a Kano tana samun abin da ya kai yunit 5 zuwa 6 a wuni, irin yunit ɗin da muke saya a mita.

To amma maganata a yau ita ce, kafin a tambayi farantin sola nawa za a saya, a fara tambayar zafi nawa gidan yake kwasa.

Magabatanmu sun san wannan. Wanda ya shiga Gidan Makama da tsakar rana a watan Afrilu zai ji sanyi ba fanka. Bangon tubali mai kauri yana shanye zafi a hankali, ba ya sakinsa sai dare ya raba. Rufin azara da ƙasa yana tare rana, tagogin ƙanana ne kuma suna can sama. Mu kuwa mun koma bulo mai inci shida, da kwano ba abin tare zafi, da gilashi mai kallon yamma, sannan mu nemi na'urar sanyaya ɗaki ta gyara ɓarnar. Na'ura mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, in ta yi awa takwas, tana cin kusan yunit 9. Farantin sola mai wat 500 kuwa yunit 2 da ɗoriya yake bayarwa a wuni. Faranti huɗu ke nan don ɗaki guda, ban da batir da inbata.

Nan ne amfanin manhaja. EnergyPlus, wadda Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta samar kuma kyauta ce, ana zana mata gida, a gaya mata kaurin bango da irin rufi da inda taga take kallo, ita kuma ta lissafa zafin kowane ɗaki awa bayan awa har shekara ta zagayo. Mai zane zai juya taga daga yamma zuwa kudu, ya ƙara mata rumfa, ya ga bambancin tun ba a haƙa harsashi ba. Ka'idar gini mai tattalin makamashi da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2017 ma abin da ta nema ke nan: kada taga ta wuce kashi 20 cikin ɗari na bango, kuma a sa wa rufi abin tare zafi.

A ɓangaren sola, PVGIS ta Tarayyar Turai da Global Solar Atlas ta Bankin Duniya suna buɗewa ko a waya. Ka ɗora alama a kan gidanka, su nuna maka abin da faranti zai bayar wata-wata. Da yake Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, faranti kudu zai kalla, da ɗan karkata kaɗan. HOMER kuma tana auna haɗin sola da batir da janareto, ta fitar da mafi sauƙin kuɗi.

Sai dai manhaja abin da aka ba ta shi take tauna. Ba ta san benen maƙwabci da zai tare rana a lungu ba sai an zana mata. Ƙurar hunturu da ke lulluɓe faranti sai an shigar da ita a lissafi. Zafin bazara ma yana rage ƙarfin faranti da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri da ya haura 25.

Don haka ina kira ga malaman sashen zane-zanen gine-gine su auna tubalinmu da makuba da azara, su shigar da alƙaluman cikin waɗannan manhajoji, yadda ɗalibi zai gwada su kafaɗa da kafaɗa da bulo. Matasa masu haɗa sola su koyi PVGIS, su daina kintace. Mai gida kuma kada ya biya ko sisi sai an nuna masa lissafi a rubuce.